Karatun Tsakar Gida: Abin da Na Gani a Ƙauyenmu

Assalamu alaikum warahmatullah, masu kallo na gida da na waje. Ina yi muku magana ne daga birnin Lesta na ƙasar Ingila, inda nake aikin jinya, amma hotunan da za ku gani a wannan shiri na ɗauke su ne a ƙauyenmu da ke masarautar Ringim a jihar Jigawa, lokacin da na kai 'yata ganin gida ana tsakiyar sussukar gero. Sai da na nemi izinin Baffa da na matan gidan kafin in kunna kyamara, shi ya sa ba za ku ga fuskar kowa ba sai hannuwa da ƙafafu da bayan yara.

Abin da ya tayar mini da wannan magana wata takarda ce da malamar makarantar renon yara ta ba ni in cike. A nan Ingila, gwamnati tana biya wa kowane yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu awa 15 a mako a irin wannan makaranta, na tsawon mako 38 a shekara, kuma tun yaro yana jariri ake ba uwarsa littattafai masu hotuna kyauta. Takardar ta tambaye ni sau nawa nake karanta wa 'yata littafi, da ko muna zuwa ɗakin karatu na unguwa, da ko tana zane da fensir a gida. Ina cikewa sai ɗan Yayana ya faɗo mini a rai, wanda aka haifa wata ɗaya da ita. Da uwarsa aka miƙa wa takardar nan, da babu gurbin da za ta cike, domin ba ta gama firamare ba, kuma littafin da ke ɗakinta shi ne Alƙur'ani a cikin gafaka. Mahaifinsa kuwa da an kammala kai amfani rumbu yake tafiya cin rani Kudu, sai gab da saukar ruwan sama yake dawowa.

To, ku dubi wannan hoto na farko. Yaron nan da kuke gani tsaye a bakin turke, awaki yake ƙirgawa da yamma bayan sun dawo daga kiwo, kuma shi ne ya fara cewa jar akuyar Gwaggo ba ta dawo ba. Yana bambance gero da maiwa da dawa tun suna a zangarniya. Idan aka aike shi makwabta da saƙo mai gaɓa uku, zai durƙusa ya gaisar, ya isar da saƙon yadda aka faɗa, ya kuma dawo da amsa. 'Yata ta san sunayen launuka, ta san haruffa, ta san yadda ake riƙe littafi da buɗe shafi, amma da Baffa ya ce mata "ina gajiya", sai ta tsaya tana kallona. Kowannensu ya yi karatu, sai dai gidan da ya tashi ne ya zaɓa masa darasi, kuma ɗaya daga cikin darussan ne kaɗai makarantar boko take tambaya a ranar farko.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan al'amari. A 1995 wasu Amurkawa biyu, Betty Hart da Todd Risley, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a gidaje 42 a Kansas, inda suke zuwa su naɗi maganar gida na awa ɗaya a kowane wata. Sun ƙiyasta cewa kafin yaro ya cika shekara huɗu, ɗan gidan masu ilimi da wadata yana jin kalmomi kimanin miliyan 30 fiye da ɗan gidan matalauta. Wannan adadi ya zagaya duniya. Amma a 2018 wasu masu bincike suka nuna cewa idan aka ƙirga har da maganar da yaro ke ji daga sauran mutanen gida, ba ta wadda ke renonsa kaɗai ba, lissafin yana sauyawa. Ni wannan gyara ya fi kwanta mini, domin duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san cewa yaron ƙauye ba daga baki ɗaya yake koyon magana ba.

Hasali ma, a wurinmu uwa ba lallai ne ta zama babbar abokiyar hirar ɗanta ba, musamman idan ɗan fari ne. Kunya ba ta barin ta kira sunansa, balle ta zaunar da shi a gaban mutane tana yi masa wasa. Wanda bai san al'ada ba zai ce an yi watsi da yaron, alhali kuwa an miƙa shi ne ga wadda ba ta jin kunyarsa. Ku saurari muryar da ke cikin wannan hoto. Inna ce, mahaifiyarmu, take tsokanar jikanta tana cewa, "Maigida, yau ma ba ka kawo cefane ba? To ni na yi yaji." Dole ya nemo amsa, kuma idan amsar ta yi rauni sai a yi masa dariya, gobe ya zo da wadda ta fi ta. 'Yata kuwa tun ranar da muka sauka Inna ta raɗa mata "kishiya", kuma cikin mako biyu yarinyar da ba ta haɗa jimla da Hausa ta fara cewa, "Inna, ni ce amarya." Na biya kuɗin abubuwan koyo da yawa a Ingila, ban ga wanda ya buɗe bakin yaro kamar wasan kaka da jika ba.

Da dare kuma, bayan sallar isha, akan shimfiɗa tabarma. Inna ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa "ta zo mu ji ta", sai Gizo da Ƙoƙi su fito. Kafin tatsuniya akan yi kacici-kacici: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, a ce tsintsiya, baba na ɗaka gemu na waje, a ce wuta da hayaƙi. Yaron da ya saba da wannan ya riga ya koyi sauraro har ƙarshe, da riƙe abin da ya faru a jere, da gane cewa magana tana iya nufin abin da ba shi ta ambata ba. Wani babban bincike da aka fara a Ingila a 1997, wanda ya bi yara kimanin 3,000 tun suna shekara uku, ya gano cewa abin da ake yi tare da yaro a gida, kamar karanta masa labari da rera waƙa da wasa da lambobi, ya fi sana'ar iyaye ko kuɗin shigarsu tasiri a kan ci gabansa. Da masu binciken sun zauna a tabarmar Inna, ina jin da sun ƙara layi ɗaya a takardarsu.

Sai dai ba na so in yi muku kwalliya da ƙauye, domin ba kowane gida ne yake da Inna ba. Bayan katangarmu akwai gidan da babu tsohuwa, matar tana da ƙanana huɗu, ita ce surfe, ita ce daka, ita ce suyar ƙuli-ƙulin da ake kaiwa talla. Jaririn gidan a bayan yarinya 'yar shekara bakwai yake wuni. Idan yaro ya yi tambaya a irin wannan gida, amsar da ya fi samu ita ce "yi mini shiru", ba don rashin so ba, sai don gajiya. Ga kuma batun ciki, wanda a matsayina na ma'aikaciyar jinya ya fi tsaya mini a rai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma abin ya fi tsanani a yankinmu na Arewa maso Yamma. Yaron da aka yaye shi a kan koko tsura, ga wake da gyaɗa ana aunawa a kai kasuwa, ba ya da kuzarin tambaya ko wasa, kuma shirunsa sai a ɗauka ladabi ne.

Irin waɗannan yara aka yi aiki da su a Kingston ta ƙasar Jamaika daga 1986. Ma'aikatan lafiya suna zuwa gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi hira da wasa da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Gwangwani da marfin kwalba da tsumma ne kayan aikin, kuma babu ɗayansu da ba mu da shi a Jigawa.

Wani abin da na lura da shi shi ne, bambancin ba daga gida zuwa gida kaɗai yake ba, har daga ɗaki zuwa ɗaki. Amaryar ƙanina ta yi ƙaramar sakandare, ga ta nan a hoto tana rubuta haruffa da gawayi a jikin bango. Ɗanta ɗan shekara huɗu yana gane harafin farko na sunansa, kuma 'ya'yan sauran ɗakunan sun fara taruwa a ƙofarta da hantsi. Ilimin mace ɗaya ya ratsa gidan ba tare da an yanke shawarar haka ba.

Ɗan Yaya kuma yana bin yayyensa makarantar allo, har ya fara babbaƙu. Ya san cewa baƙin da ke kan allo yana ɗauke da sauti, wanda shi ne tushen kowane karatu. Abin da nake jiye masa shi ne ranar da zai shiga aji ya fara layi daga dama, malami ya ce bai san komai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma firamaren da ke kusa da mu tana da ajin share fage, amma da na leƙa, yara ne a ƙasa suna maimaita waƙar Turanci da babu wanda ya san ma'anarta a cikinsu. Babu wanda ya tambaye su awaki nawa ne a gidansu.

Ni ma ina da nawa laifin. Idan na dawo daga aikin dare, waya nake miƙa wa 'yata don in runtsa. A ƙauye ma haka abin yake komawa, domin Inna ta ce yanzu ba a neman tatsuniyarta sai ranar da waya take wurin mai caji.

Kafin mu taho, na ɗauki hotunan awakin gidan da turmi da rijiya da rumbu, na wanke su a Kano, na manna a littafin rubutu guda biyu, na sa sunan kowanne da boko, Baffa ya rubuta da ajami a ƙasa. Ɗaya yana ɗakin amarya, ɗaya yana nan Lesta. Duk Juma'a kuma ƙanina yana naɗo mana tatsuniyar Inna ya turo ta WhatsApp. Ta wannan makon ita ce za ku ji yanzu, kuma ƙaramar muryar da za ta katse ta a tsakiya tana tambayar dalilin da ya sa Gizo bai raba naman da Ƙoƙi ba, ta maigidan Inna ce.