Lacca Kan Batirin Litiyam: Caji, Ajiya Da Zubarwa

Assalamu alaikum, jama'a. Kowa ya taɓa aljihunsa. Abin da za mu yi magana a kansa yau yana nan jikinku, cikin waya, cikin fawa bank, cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Kamfanin Sony ne ya fara fito da irin wannan batirin litiyam da ake yi wa caji (lithium-ion) kasuwa a 1991, kuma mutum uku da suka share masa hanya, Goodenough da Whittingham da Yoshino, sun samu kyautar Nobel a 2019. Abu ne mai albarka, amma yana da hali, kuma sai an san halinsa a zauna da shi lafiya.

A cikin batirin nan akwai faifai biyu, na tabbatacciyar wuta (+) da na korarriya (-), a naɗe tare, a jiƙe da wani ruwan sinadari mai saurin kama wuta. Abin da ya raba su wata 'yar leda ce wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ku riƙe ledar nan, don duk maganarmu a kanta za ta tsaya. In ta huje ko ta narke, faifan biyu su haɗu, zafi ya tashi, zafin ya haifi wani zafin, har ya zama ba mai iya tsayar da shi. Abin da ya faru da wayar Galaxy Note 7 ke nan a 2016, har Samsung ya janye ta daga kasuwa, aka hana shiga jirgin sama da ita. To in babban kamfani ya yi tuntuɓe a nan, ina ga batirin da ba a ma san wanda ya ƙera shi ba?

Mu zo caji. Ƙwayar batir ɗaya, irin wadda aka fi sani, tana cika a bolt 4.2. In aka ɗura mata fiye da haka, ta fara lalacewa daga ciki. Cajar kirki da na'urar da ke cikin wayar su ne ke cewa “ya isa”. Cajar jabu kuwa, wannan birkin ne ake rage mata don ta yi arha, shi ya sa nake cewa arhar nan ba ta ado. Sannan wurin caji: a sa a kan tebur ko a ƙasa, inda iska ke shiga. Wanda ke tura waya ƙarƙashin matashin kai tana caji ya yi barci, ya lulluɓe zafi da auduga ne. Keken lantarki kuma, batirinsa ƙwayoyi ne gommai a haɗe, kada a yi cajinsa a bakin ƙofa ko a kan hanyar fita, domin in ya kama, ta ina za a bi?

Zafin da ya dace da caji daga digiri 0 ne zuwa wajen 45 a ma'aunin Celsius. Waya ta sha rana cikin mota a rufe, a bar ta ta huce tukuna. Sanyi ma yana da nasa sharrin, ko da yake ba a cika zancensa ba: caji a ƙasa da digiri 0 yana sa litiyam ya daskare a jikin faifan, ya yi tsini kamar ƙaya, ƙayar kuwa ledar nan take nema.

Ajiya ba ta da wuya. Na'urar da za ta yi watanni ba a taɓa ta ba, a bar ta da caji kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a wuri mai sanyi marar laima, a riƙa dubawa bayan 'yan watanni. Batir tsirara kada ya kwana aljihu ɗaya da makulli ko kwabbai. Matafiya kuma ku sani, fawa bank a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, don in ya yi hayaƙi a gani da wuri.

Na ji wani daga baya yana tambaya kan batirin da ya kumbura. Malam, iskar gas ce ta taru a ciki. Kada ka danna shi ya koma, kada ka soka masa allura wai iskar ta fita. Daina cajinsa, ka sa shi cikin gwangwani da yashi, nesa da abin da ke cin wuta. Haka wanda ya faɗi ya lanƙwashe, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi.

Mataccen batir kuma bai mutu duka ba, akwai sauran wuta a cikinsa. In aka jefa shi shara, motar kwasa ta matse shi, gobara ta tashi. In aka ƙona juji, ya fashe, hayaƙinsa kuma guba ne ga huhu. A liƙe bakinsa da salatif, a kai wa masu karɓar tsofaffin kayan lantarki, su ciro kobalt da nikel da jan ƙarfe su sake sarrafawa.

In kuwa ya riga ya kama, a cire wutar soket in da hali, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana. Ƙaramin batir kamar na waya, ruwa mai yawa yana sanyaya shi. Sai dai ko wutar ta mutu kada a ɗauke shi da hannu a mayar ɗaki, yana iya sake tashi bayan sa'o'i. Akwai mai wata tambaya?