Zakin Narnia da Hirar Bayan Cin Tuwo

Auta: Barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da yayata daga Amurka, inda doka ta amince a kowace jiha iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida. Yaya, jiya na kira ki wajen ƙarfe takwas, kin ƙi ɗauka.

Yaya: Ai ka san lokacin karatu ne. Da an kwashe kwanukan tuwo sai ni da yarana mu baje a falo, babi ɗaya kowane dare. Yanzu littattafan Narnia muke bi, na C.S. Lewis. Guda bakwai ne, sun fito tsakanin 1950 zuwa 1956.

Auta: Wanda yara ke shiga sif ɗin kaya su ɓulla wata duniya?

Yaya: Shi ne na farko. Yara huɗu aka kwashe daga Landan saboda bama-baman yaƙin duniya na biyu. Shi kansa Lewis ya sauki irin waɗannan yaran a gidansa na Oxford a 1939.

Auta: To, Yaya, ni fa ga abin da ke damuna. Akwai mayya a ciki, akwai tsafi, dabbobi na magana. Da Mama na raye da ta ce wannan ba littafin gidan Kirista ba ne.

Yaya: Mamar da ke mana tatsuniyar Gizo da Dodo har mu kasa fita fitsari? Haba, Auta!

Auta: (dariya) Kin kama ni.

Yaya: Kuskurena daban ne. Mun kai inda zaki Aslan ya miƙa kansa a kashe shi kan teburin dutse a madadin Edmund, yaron da ya sayar da 'yan'uwansa saboda alawa. Sai na rufe littafin na fara wa'azi: kun ga zakin nan, ai Yesu ne. Babban ya yi hamma. Ƙaramar, mai shekara shida, ta ce, "Mama, ki ci gaba mana, ya mutu ke nan?" Idonta taf da ƙwalla, ni kuwa ina can ina ɓata mata labari.

Auta: To ya za a yi su gane?

Yaya: Lewis ma bai faɗa a cikin littattafan ba. Wata yarinya daga Amurka ta rubuta masa tana tambayar ɗayan sunan Aslan, ya ce ta canka da kanta. Ya dai ba ta alamu. A 1955 kuma wata uwa ta rubuta masa cewa ɗanta mai shekara tara yana tsoron ya fi son Aslan a kan Yesu. Lewis ya amsa cewa abubuwan da yaron ke so a wurin zakin, ai abubuwan da Yesu ya yi ne.

Auta: Turancin fa? Tsoho ne.

Yaya: Inda ya yi tauri nakan juya musu da Hausa, ribar ƙafa ke nan. Muryar mayyar kuwa, ta Gwaggo nake arowa.

Auta: Allah ya sa ba ta sauraronmu!

Yaya: Tana ji, kai zan ce ka koya min. Bari in tafi, yau za su gano teburin ya tsage.