Amsoshin Tambayoyinku: Sallama da Abokai Kafin Tafiya Cin Rani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk wuri guda suka dosa, domin lokacin ɗaure kaya ya zo. Wani neman na kai ne zai fitar da shi na 'yan watanni, wata za ta je ta zauna wajen 'ya'yanta, wani kuma sanyi ne zai kore shi. Ko a ƙasashen da ƙanƙara ke zuba haka abin yake: tsofaffi daga Kanada kan gangara Florida ko Arizona a Amurka idan hunturu ya kama, sai gari ya yi ɗumi su koma gida. Kowa dai da irin cin raninsa.

Ga wasiƙar farko, daga wani matashi. Yana cewa: "Malam, zan yi tafiyar wata huɗu. Ni ban iya sallama ba, zuciyata karyewa take yi. Na yi niyyar in sulale da asuba, in na sauka in tura wa abokai saƙo. Kuma an ce mini yawan faɗin tafiya yana jawo baki. Akwai laifi?"

Ƙanena, babu wanda ya ce ka yi shela. Ranar tashinka, da hanyar da za ka bi, da abin da ke aljihunka, waɗannan naka ne, kuma rufe su hankali ne. Amma akwai mutum uku ko biyar da in suka ji labarin tafiyarka a bakin wani, abin zai tsaya musu a rai. Ka san su ba sai na faɗa maka ba. Wanda kuke zama tare kullum da yamma, wanda ya zo duba ka lokacin da kake kwance, wanda ka taɓa buga wa ƙofa cikin dare. Waɗannan ka taka ka same su. Zumunci a ƙafa yake.

Bari in ba ka labarin kaina. Shekarun baya na yi abin da kake shirin yi. Akwai wani dattijo, abokin mahaifina, da nake zama wurinsa muna hira bayan la'asar. Ana gobe zan tashi na wuce ta ƙofar gidansa, na hango shi yana gyara tabaransa da zare, hannun tabaran ɗaya ya karye. Na ce a raina ai wata uku ne, kamar gobe ne. Na ɗaga masa hannu daga nesa na wuce. Da na dawo, tabarmarsa na tarar a naɗe an jingine ta da bango, kwana ashirin da rasuwarsa. Ɗansa ya ce mini ya tambaye ni sau biyu. Har yau in na bi ta layin sai na rage sauri. Karyewar zuciyar da kake gudu ta minti goma ce, ka daure ka ɗauke ta. In hawaye ya zo ka bar shi ya zo, sabo ake yi wa kuka.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce. Ta ce: "Ina da aminiya, mun saɓa wata biyu ke nan ba ma magana. Mako mai zuwa zan tafi, sai bayan wata biyar. In na je mata sallama ba za ta ɗauka na kāsa ba ne?"

'Yar'uwa, ki je. Wata biyu da kika ambata, in kika ɗora biyar a kai sun zama bakwai, kuma gaba tana daɗa tauri ne idan aka daina ganin juna. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa bai halatta mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherin su biyun shi ne wanda ya fara yin sallama. Tafiyar nan ma ta sauƙaƙa miki, don ta ba ki dalilin shiga gidan. Kada ki tono wa ya fara, wa ya ce me. Ki gaishe ta, ki ce, "Zan yi tafiya, na zo mu yafi juna." In ta sake fuska, alhamdu lillahi. In ta ɗaure, ki yi mata addu'a ki tashi, kin sauke naki. Sau da yawa wadda ta ɗaure fuska a ranar ita ce ke fara kira bayan mako biyu.

Wani kuma ya tambaya a taƙaice: abokinsa na bin sa kuɗi, ba zai iya biya kafin ya tashi ba, shi ya sa yake jin nauyin zuwa sallama. Malam, wannan ne ma ya fi cancanta ka fara zuwa wurinsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya tafi shiru da kuɗin mutane sunansa ya gudu. Ka faɗa masa nawa ne, yaushe za ka biya, ku rubuta a gaban shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Haka kayan aro da ajiyar da ke hannunka, ka mayar wa masu su tun kana nan.

Ta ƙarshe ta fi burge ni. Wani magidanci ya ce: "Kullum in na je sallama sai in rasa abin faɗa, daga 'sai na dawo' sai 'Allah ya kiyaye hanya'. Akwai wata addu'a ta musamman?"

Akwai, ranka ya daɗe. Tirmizi ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan ce wa mai shirin tafiya ya matso kusa ya yi masa bankwana yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi musu, sannan ya ce: "Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika." Wato na ba Allah ajiyar addininka, da amanarka, da ƙarshen ayyukanka. Shi kuma matafiyi ya ce wa waɗanda zai bari: "Astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu," na ba da ajiyarku ga Allah wanda ajiyarsa ba ta ɓata. An kuma ruwaito cewa idan Annabi ya riƙe hannun mai tafiya, ba ya saki sai mutumin ya fara saki. Wannan riƙon hannun ya fi dogon jawabi. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da misali a Ayyukan Manzanni sura ta 20, inda Bulus ya yi bankwana da dattawan Afisa: suka durƙusa suka yi addu'a tare, suka yi kuka, suka raka shi har bakin jirgin ruwa.

Bayan addu'a, ka faɗa musu watan da kake sa ran dawowa, don mai jira ya san abin da yake ƙirgawa. Kada ka yi alƙawarin kira kullum, aiki zai sha kanka. Ka ce duk mako sau ɗaya, ka cika. In za ka sauya layin waya, a cikin saitin WhatsApp akwai wurin canza lamba, yana kwashe rukunoninka zuwa sabuwar ya kuma sanar da su. Tsohon layin kuma ka riƙa amfani da shi jefi-jefi, domin kamfanonin waya kan rufe wanda ya daɗe a ajiye su ba wani, sai abokinka ya kira ya ji muryar baƙo.

Lokaci ya cimma mu. Waɗanda ba su ji wasiƙarsu ba su yi haƙuri, tana nan a kan tebur sai mako mai zuwa. Masu tashi cikin kwanakin nan, Allah ya kai ku lafiya, ya ba da abin da aka je nema, ya dawo mana da ku mu gana. Wassalamu alaikum.