Shigar da Jerin Bayanan Lokaci a SWMM: Inda Ake Yawan Tuntuɓe

Assalamu alaikum, barkanku da kallo. Ku dubi ɗan teburin nan da ke kan allo. Shi ne jerin bayanan lokaci, wato teburin da ke nuna yadda wani adadi, kamar ruwan sama, ke canjawa da lokaci. Gida uku ne da shi: kwanan wata, lokaci, sai adadi. Ƙarami ne a ido, amma kuskure ɗaya a cikinsa ya isa ya lalata lissafin magudanar gari guda.

Manhajar da muka buɗe ita ce SWMM, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar tun 1971 don kwaikwayon yadda ruwan sama ke bi ta kwalbatoci da bututai. Kyauta ake sauke ta.

Da farko ku sa wa jerin bayanan suna, kada ku bar tazara a cikin sunan. Sai kwanan wata. A nan ku yi hattara, domin tsarin Amurka take bi, wata ne ke zuwa kafin rana. Idan kuka rubuta 03/04, ita 4 ga Maris ta gani, ba 3 ga Afrilu ba. Ba sai kun maimaita kwanan a kowane layi ba, sai inda rana ta canja. In kuma kun bar gidan kwanan watan babu komai, za ta ƙirga lokacin daga sa'ar da kwaikwayon ya fara. Lokaci kuwa, 1:30 da 1.5 duk awa ɗaya da rabi ne. Amma 1.30 wani abu ne daban, awa ɗaya da minti 18 ke nan.

To, ga inda nake so ku natsu. Teburin bai san ma'anar lambar da kuka zuba masa ba. Ma'aunin ruwan sama na cikin manhajar, wanda kuka haɗa da teburin, shi ne ke faɗin yadda za a karanta ta. A ce kun rubuta 12, ma'aunin kuma yana ɗauka duk minti 15. In kun ce lambar ƙarfin zubar ruwa ce, wato milimita 12 a awa, to milimita 3 kacal ya sauka a wannan tsakanin. In kun ce yawan abin da ya zuba ne, milimita 12 ɗin ne cif. Ninki huɗu ke nan, kuma manhajar ba za ta ce muku uffan ba, don ita duka biyun daidai ne a wurinta. Akwai zaɓi na uku, na tarawa, inda kowace lamba jimilla ce tun daga farkon ruwan.

Haka ma giɓin da ke tsakanin layuka. A jerin ruwan sama, lokacin da kuka tsallake ana ɗaukarsa ba a yi ruwa ba, saboda haka ba sai kun cika teburin da sifili ba. A jerin ruwan da ke kwararowa cikin bututu kuwa, manhajar miƙaƙƙen layi take ja daga wannan lamba zuwa waccan. Kun sa 10 a ƙarfe 1:00, kun sa 30 a ƙarfe 3:00, ita da kanta za ta ce 20 ne a ƙarfe 2:00. In ruwan yankewa ya yi a tsakani, dole ku rubuta sifilin da hannunku.

Gyara ba wuya. Danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse) zai ba ku damar yanka, kwafa, liƙawa ko cusa sabon layi, kuna iya kwaso lambobi daga Excel ma. Sai dai lokaci ya riƙa tafiya gaba. Layi ɗaya ya koma baya, kwaikwayon zai tsaya da kuskure mai lamba 173. Ni dai ba na rufe akwatin da teburin ke ciki sai na danna maɓallin duba zane, don 250 da aka rubuta a madadin 25 kan ɓuya a tebur, amma a zane tsiri take yi sama kamar hasumiya.

In bayanan na shekaru ne, ku zuba su a fayil na daban ku nuna wa manhajar inda yake. Hanyar zuwa fayil ɗin kawai take riƙewa, don haka in za ku tura wa abokin aiki, ku haɗa masa duka biyun.