Likitocin Sin na Dā a Gaban Mara Lafiya: Abin da Kundayen Jinya Suke Nunawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka. An nemi in yi magana a kan yadda masu neman digiri na uku suke binciken tarihin likitocin gargajiya na ƙasar Sin, kuma zan tsaya ne a kan tambaya guda, wato ta yaya za a san abin da likita yake yi a zahiri idan ya zauna gaban mara lafiya shekara 500 ko 2,000 da suka wuce.

Abin da ya sa tambayar take da wuya shi ne, galibin littattafan da suka yi suna a wannan fanni na ƙa'ida ne. Suna bayanin yadda jiki yake aiki, da yadda iska da sanyi da zafi suke shigarsa, da abin da ya kamata likita ya yi, amma ba kasafai suke faɗin abin da ya wakana a ɗakin jinya ba. Don haka ne masu bincike suka karkata ga wani irin rubutu dabam, wato kundayen da likitoci suka bari game da mutanen da suka duba ɗaya bayan ɗaya.

Mafi daɗewa da ke hannunmu shi ne na Chunyu Yi, mutumin ƙasar Qi, inda lardin Shandong yake a yau, wanda ya rayu a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, zamanin daular Han. Asalinsa ma'aikacin hukuma ne mai kula da rumbunan hatsi. Da fada ta aiko masa da tambayoyi a kan wanda ya koyar da shi da waɗanda ya yi wa magani, sai ya amsa da labarin majinyata 25, kuma masanin tarihi Sima Qian ya shigar da amsar a babi na 105 na babban littafinsa. Ku saurari biyu daga ciki. Wani jami'i mai suna Cheng ya zo da ciwon kai. Chunyu Yi ya taɓa jijiyarsa, ya fita ya keɓe da ɗan'uwansa, ya gaya masa cewa ƙurji ne a cikin ciki, bayan kwana 5 zai kumbura, bayan kwana 8 zai yi aman mugunya ya mutu, kuma giya da yawan kusantar mata ne suka jawo. Haka kuwa aka yi. Wani babban mutum kuma haƙorinsa ne ya ruɓe, sai ya yi masa gashi da wuta a wata jijiya, ya ba shi jiƙon wata saiwa mai ɗaci ya riƙa kurkure baki kullum, cikin kwana 5 zuwa 6 ya warke. Ya ɗora laifin a kan iska, da barci baki buɗe, da rashin kurkure baki bayan cin abinci.

Mutum 10 daga cikin 25 ɗin nan mutuwa suka yi, kuma mai karatu na yau yakan ɗauka tawali'u ne ya sa likita ya rubuta hakan. A ganina ba haka ba ne ɗungurungum. A wancan zamani, gwanintar likita tana cikin sanin wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba, saboda haka mutuwar da ta zo daidai ranar da ya faɗa hujja ce a gare shi. Kada kuma mu manta cewa mutumin yana amsa wa sarki ne, kuma an taɓa tuhumarsa da laifi har 'yarsa Tiying ta bi shi babban birni ta roƙa masa sassauci. Duk da haka, da aka tambaye shi ko yakan yi kuskure, ya amsa cewa yakan yi lokaci-lokaci.

Sai a ƙarni na 16, zamanin daular Ming, irin wannan rubutu ya zama fanni mai zaman kansa, lokacin da buga littattafai ya yi arha, kuma waɗanda suka kasa haye jarrabawar shiga aikin gwamnati suka riƙa komawa likitanci. Wang Ji, wanda aka haifa a 1463 ya rasu a 1539, yana cikinsu. Mutumin Qimen ne a yankin Huizhou, ƙasar attajiran fatake, almajiransa ne suka tattara kundinsa aka buga a 1531, kuma a kansa ne wata mai bincike, Joanna Grant, ta yi nazarin da ya fito a littafi a 2003. Wanda ya karanta kundin a tsanake zai ga cewa likita ba shi ne mai iko a ɗakin jinya ba. Babu wata hukuma da ke ba da lasisi, kowa yana iya kiran kansa likita, kuma gida mai hali yakan kira likitoci da dama, a saurare su, sannan maigida ko dangi su zaɓi maganin da za a dafa. Wang Ji yana yawan ba da saiwar ginseng da ta huangqi don ƙarfafa jikin da ya raunana, abokan hamayyarsa kuma suna ganin hakan ƙara wa cuta zafi ne. A kundin, sau da yawa za ku tarar wani likita ya riga shi zuwa ya ɓata lamarin, sannan shi ya zo ya gyara. To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ɗalibin da ya ƙirga waɗanda suka warke a irin wannan kundi ya ce ya gano ingancin magani, ya yaudari kansa. Abin da kundin yake bayarwa da gaskiya shi ne su wane ne suke kiran likita, me suke tsoro, wa yake yanke shawara, kuma da wace hujja ake rinjayar iyalin mara lafiya.

Batun mata kuwa yana buƙatar kulawa ta musamman. Likita namiji yakan dogara ne da dubawa, da saurare, da tambaya, da ɗora yatsu uku a wuyan hannu don jin bugun jijiya, amma a gidajen manya sau da yawa mace tana bayan labule, mijinta ne yake magana a madadinta. Shi ya sa ɗan ƙaramin kundin Tan Yunxian, likita mace daga Wuxi wadda ta koyi aikin a wajen kakarta, yake da daraja ƙwarai. An buga shi a 1511, majinyata 31 ne a ciki, duk mata. Akwai mai tuƙa kwalekwale da hannuwanta suka yi shekaru suna mutuwa saboda aiki cikin iska da ruwan sama, wadda ta yi wa gashi da busasshen ganye dangin tazargade. Akwai kuma matar mai gasa bulo da zubar jini ya ƙi tsaya mata, wadda da aka zauna da ita ta bayyana cewa ita take dakon bulo idan mijin ba ya nan. Tan Yunxian tana tambaya, tana taɓa jiki, kuma matan suna gaya mata ɓacin ransu, abin da ba kasafai ake samu a kundayen maza ba.

Akwai tarko ɗaya da nake ja wa ɗalibai kunne a kai. A 1929 an kawo ƙudurin soke likitancin gargajiya a Sin, masu sana'ar suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris suka yi tsayin daka har aka janye. A 1956 kuma gwamnati ta buɗe kwalejoji a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, daga nan aka tsara manhaja da littattafan koyarwa na bai ɗaya. Abin da ake koyarwa yau ya bi ta wannan tacewa, saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki littafin kwaleji na yanzu a fassara Wang Ji da shi, ko a laƙaba wa Cheng sunan wata cuta ta asibitin zamani. Dole ne ɗalibi ya iya tsohon rubutun Sinanci, ya kuma gwada kundin likita da tarihin gundumarsa, da littattafan asalin dangi, da wasiƙun waɗanda suka yi jinyar.

A nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Na gode.