Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ake Gane Yis Da Fumfuna A Ɗakin Gwaji

Ku ƙaddara ga farantai guda biyu a gabanku a ɗakin gwajin asibiti. Kwana huɗu ke nan da aka shafa musu kakin marasa lafiya, aka rufe, aka ajiye a wuri mai ɗumi. Abin da ya daskare a ƙasansu sinadari ne mai sukari da ake kira Sabouraud, sunan likitan fata ɗan Faransa da ya haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19.

A na hagu akwai ɗige-ɗige farare, masu santsi da sheƙi. Yis ke nan, kowace ƙwaya cin gashin kanta take, tana tsiro da 'ya a gefenta har ta ɓalle. Na dama kuwa ya yi gashi bus-bus kamar auduga, tsakiyarsa kore mai sirkin toka. Wannan fumfuna ce. Ma'aikacin da ya ƙware ba ya tsayawa kan fuskar faranti kaɗai, sai ya kifa shi ya ga launin bayansa, ya kuma lura da kwana nawa abin ya ɗauka kafin ya cika.

Daga nan sai madubin hangen ƙananan halittu. A ɗauki guntun salatif, a taɓa saman fumfunar a hankali, a manna a kan gilashin da aka ɗiga wa shuɗin rini. Ga abin da ya fito: doguwar sanda mai ƙululu a kai, ƙwayoyin iri sun jeru a kansa kamar sarƙa. Aspergillus ce. Da kan ya rarrabu kamar bakin buroshi, da Penicillium za a ce. Da zarurrukan jikin fumfunar faffaɗa ne, kusan babu shinge a cikinsu, da hankali ya koma kan dangin Mucor, kuma nan take za a kira likita, domin waɗannan ba sa jira.

Yis ya fi wuyar sha'ani, don kusan duk kamarsu ɗaya. Tsohuwar dabara ita ce a saka shi cikin ruwan jini, a bar shi awa biyu zuwa uku a zafin digiri 37. In ya fitar da siririyar wutsiya, sai a ce Candida albicans ce. Haka aka yi ta tafiya, har a 1995 aka gano a Dablin cewa akwai wata, Candida dubliniensis, da ita ma take fitar da wutsiyar.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce Candida auris. A 2009 aka fara bayyana ta, daga kunnen wata mara lafiya a Japan. A faranti ba ta da wata alama ta daban, tsofaffin na'urorin gwaji kuma sukan laƙaba mata sunan Candida haemulonii. Alhali yawancinta ba ta jin maganin fluconazole, tana kuma maƙalewa a gadaje da kayan asibiti tsawon makonni. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin nau'o'in yis da fumfuna huɗu da suka fi haɗari. Kun ga a nan kuskuren suna na nufin kuskuren magani.

To, inda ido ya gaza sai a karanta DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta, mai haruffa iri huɗu: A, C, G da T. Da farko a fasa ƙwayar, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, don bangonta na da tauri. Sau da yawa sai an girgiza ta da ƙananan duwatsun gilashi. Sai a yi PCR, wato a kwafi wani ɗan yanki sau miliyoyi. Yankin da aka fi nema sunansa ITS, yawanci haruffa 500 zuwa 700, wanda masana suka zaɓa a 2012 ya zama tamkar lambar shaidar waɗannan halittu. Na'ura ta karanta jerin A, C, G da T bisa hanyar da Frederick Sanger ya fito da ita a 1977, a ɗora sakamakon a rumbun bayanai irin su GenBank, a ga da wa ya dace.

Sai dai kada a ɗauka magana ta ƙare. A cikin dangin Aspergillus, ITS kan nuna zuriya amma ya kasa ware 'yan uwa. Aspergillus lentulus, da aka bayyana a 2005, kamar an tsaga kara take da Aspergillus fumigatus, wadda aka fi sani a dangin, amma ba ta jin magani kamarta. Sai an karanta wani yankin daban, beta-tubulin ko calmodulin, kafin a raba su. GenBank ɗin ma, kowane mai bincike na iya zuba nasa, kuma akwai jerin da aka ɗora da sunan da ba nasu ba.

Mu koma kan farantin dama. A ce sakamako ya dawo: fumigatus. Irinta na yawo a iskar da muke shaƙa kullum, yana iya faɗawa faranti lokacin da aka buɗe murfi. Don haka ma'aikacin zai koma kan kakin na asali ya duba ko akwai zarurrukan a cikinsa tun kafin a shafa shi a faranti, likita kuma ya ɗauko hoton huhun mara lafiyar ya ajiye kusa da takardar.