Lacca kan adabin Brazil: mataccen da ya rubuta tarihinsa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu zan taɓo.

Na farko, asali. Rubutun da aka saba farawa da shi wasiƙa ce, wadda Pero Vaz de Caminha ya aika wa sarkin Fotugal a 1500 yana ba shi labarin ƙasar da jiragensu suka riska. Daga nan aka shafe shekara ɗari uku Fotugal ta hana a kafa maɗaba'a a Brazil. Sai a 1808, da gidan sarautar Fotugal ya gudo birnin Rio saboda mamayar sojojin Napoleon na Faransa, aka fara ɗab'i da izini. Ku riƙe wannan, ɗab'i.

Na biyu, marubuci Machado de Assis. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri. An haife shi a 1839 a wata unguwar tudu a Rio. Mahaifinsa mai fentin gidaje ne, kakanninsa na wajen uba bayi ne da aka 'yanta. Yana da farfaɗiya, ga in'ina, bai yi jami'a ba. A ina ya yi wayo? A maɗaba'a, yana yaron shago mai jera haruffa. Jama'a, a maɗaba'a! Wannan yaron ne ya zama shugaban farko na majalisar marubutan Brazil a 1897.

A 1881 ya fitar da labarin Brás Cubas. Mai ba da labarin matacce ne, daga kabari yake magana, har ya sadaukar da littafin ga tsutsar da ta fara cin gawarsa. (Dariya.) Eh, ku yi dariya, amma ku duba hikimar. Wanda ya mutu ba ya tsoron kowa, ba ya jin kunyar kowa, saboda haka ya zayyana yadda masu bayi ke rayuwa ba tare da ya gyara komai ba. Kuma lokacin ana cikin bauta, sai 1888 aka soke ta.

Sannan littafinsa Dom Casmurro, 1899. Miji ne ke zargin matarsa Capitu da amininsa. Shekaru da dama masu karatu suna cewa ta ci amana, kafin a lura cewa bakin mijin kaɗai muka ji. Malam, kai da ka karanta shari'a, ana yanke hukunci da maganar mai ƙara shi kaɗai? Har gobe 'yan Brazil na musu a kai. Abin da ke mini ciwo, da Machado ya rasu a 1908 aka rubuta a takardar mutuwarsa cewa farar fata ne.

Na uku... ko na huɗu muke? A 1922 matasa suka taru a São Paulo suka ce a yi rubutu yadda mutanen titi ke magana. Bayansu ga marubuta irin su Jorge Amado da Clarice Lispector. Ku neme su.

(Tambaya: Malam, gaskiya ne akwai Hausawa a can?)

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. An kai Hausawa bauta Bahia, wani yanki a arewa maso gabashin Brazil. A Janairun 1835, cikin azumi, bayi da 'yantattu Musulmi suka yi bore a Salvador, babban birnin Bahia, galibinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki. 'Yan sanda sun samu layu da takardun Larabci a jikinsu, ayoyi da addu'o'i, a lokacin da iyayen gidansu da yawa ba su iya karatu ba. Wasu takardun suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Bahia. A ganina duk mai koyar da tarihin rubutu a Brazil ya kamata ya sa su a darasi. Akwai wata tambayar?